Bulwark da abin da ya faru a Kuwait a 1961

Malam marubuci, Allah ya saka da alheri kan wannan labari na jirgin ruwan yaƙin Ingila HMS Bulwark. Sai dai ka ce da aka sauke jiragen yaƙi daga kansa aka ɗora masu saukar ungulu, an rage masa daraja ne. A nan ban yarda ba.

Rikicin Suez na 1956, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari, shi ne ya sa aka yi gyaran. Bulwark na can jiragen saman yaƙi na Sea Hawk suna tashi daga kansa, amma abin da ya ɗauki hankalin manyan sojan ruwa shi ne yadda aka kwashi sojojin kundumbala daga jiragen ruwa na Ocean da Theseus da helikwafta aka sauke su a birnin Port Said na Masar, ba tare da jiran ƙananan jiragen ruwa ba. Duk da harin kansa zalunci ne a kan Masar, sun ɗauki darasin. Daga 1959 zuwa 1960 aka sake fasalin Bulwark.

Ba a jima ba aka ga amfaninsa. Kuwait ta samu 'yanci a watan Yunin 1961, nan take Abdulkarim Kasim, firaministan Iraƙi na lokacin, ya ce ƙasar tasu ce. Ranar 1 ga Yuli Bulwark ya sauke rundunar kundumbala ta 42 Commando a Kuwait don kare ta, cikin zafin da ya riƙa kayar da sojojin. Iraƙi ba ta shiga ba, daga baya dakarun Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa suka karɓi tsaron. Jirgin ya ci gaba da aiki har 1981.