Maganar Korona da kulle: abin da idona ya gani a Kano

Jiya bayan sallar isha'i aka sake tayar da maganar Korona a majalisarmu, kuma kamar kullum aka rabu gida biyu. Wani abokina ya rantse har da girman Allah cewa babu wata Korona da ta shigo Kano, gwamnoni ne kawai suka hango kuɗi za su sauko daga waje suka ƙirƙiro lissafi, ɗayan kuma ma'aikacin gwamnati ne, shi cewa ya yi ai da ba a kulle mu ba da rabin garin nan ya tafi lahira. Ni dai shiru na yi har aka watse, saboda maganar nan tana taɓa min wani waje da ba na iya yin ta cikin hayaniya. Amma na kasa barci. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Da farko dai duk wanda ya zauna cikin birnin Kano a watan Afrilun 2020 ya ce bai ga komai ba, to bai je makabarta ba. Ni na je. A sati ɗaya na raka gawa huɗu, kuma ranar da muka je makabartar Dandolo sai da muka tsaya jira don masu haƙa ba su gama da na gabanmu ba, ga wasu kuma sun shigo a bayanmu da tasu makarar. Tun tasowata ban taɓa ganin haka ba. Kullum ka buɗe waya sai sanarwar rasuwa, dattijai, malaman jami'a, tsofaffin ma'aikata, a cikin waɗannan makonnin Farfesa Ibrahim Ayagi ya rasu, Sarkin Rano ya rasu, ba a maganar tsofaffin unguwa da babu mai sa sunansu a rediyo. Gwamnatin jiha ta fara da cewa hawan jini ne da ciwon suga da maleriya da sanƙarau. Daga baya a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya fito ya ce mutum 979 aka lissafa sun mutu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari akwai alamar Korona ce sila. Toh wannan ba hirar shayi ba ce, bakin gwamnatin tarayya ne. Don haka abokina na farko, ka ji tsoron Allah, cuta ta zo.

Amma ragowar fa? Kashi 40 ko 50 ɗin da suka rage, me ya kashe su? Wannan tambayar ce ba na jin ana yi, kuma a cikinta kawuna yake.

Kawu yana da ciwon suga sama da shekara goma, kuma yana lallaɓa abinsa, duk wata yana zuwa ganin likita a auna shi a rubuta masa magani. Da aka rufe gari ranar 16 ga Afrilu, ranar ganin likitansa ta faɗo cikin kulle, aka ce masa an dakatar da ganin marasa lafiya na yau da kullum sai abin gaggawa. Maganinsa ya ƙare, kemis ɗin da yake saya a rufe, ga azumi ya kama ranar 24 ga wata kuma tsoho ya ƙi ajiyewa. Ranar da jikinsa ya rikice da daddare muka roƙi maƙwabci ya fito da motarsa, muka wuce shinge uku muna ba da haƙuri muna nuna musu mara lafiya a kujerar baya. Asibitin kuɗi na farko ƙofa a garƙame, maigadi ya leƙo ya ce likita ya daina zuwa. Na biyu suka tsaya daga nesa suka tambaye mu yana tari? yana zazzaɓi? numfashinsa fa? Muna cewa numfashi yana sama-sama suka ce mu yi gaba. Na uku na gwamnati ne, nan muka kwana a mota, sai da gari ya waye wata nas, Allah ya saka mata da alheri, ta fito da safar hannu kawai da ɗan takunkuminta ta sa masa ruwa. Kafin azahar ya cika. Babu wanda ya gwada shi, har yau ba mu da wata takarda da ta ce ga abin da ya kashe shi.

Na daɗe ina jin haushin ma'aikatan asibitocin nan, wallahi na daɗe. Sai daga baya da zuciya ta huce na zauna na yi tunani, mutumin da ba a ba shi rigar kariya ba, yana ganin abokan aikinsa likitoci suna kamuwa ɗaya bayan ɗaya, wurin gwaji ƙwaya ɗaya ne a duk jihar shi ma ya tsaya na kwanaki a daidai lokacin da mutane ke zuba, kuma shi ma yana da mata da 'ya'ya a gida, me kake so ya yi? An tura su yaƙi ne hannu rabbana. Laifin yana sama da su. An zuba duk hankali a kan cibiyoyin killacewa, Kwanar Dawaki, filin wasa na Sani Abacha da aka kafa gadaje, amma babu wanda ya tsaya ya ce to mai naƙuda fa, mai wankin ƙoda fa, mai hawan jini, yaron da maleriya ta kayar, ina za su? Ai sauran cututtuka ba su tafi hutu ba don Korona ta zo. Ministan ma da bakinsa ya ce fiye da rabin mamatan nan a gida suka mutu.

Sai maganar kullen kansa, wanda abokina na biyu yake yabo. Shi albashinsa yana shigowa ƙarshen wata ko ya fita ko bai fita ba, yana da firji, yana da buhun shinkafa a sito, gidansa da katanga da famfo. Ban ce ya yi laifi ba, amma ba shi ne Kano ba. Kano ita ce ɗan dakon Kantin Kwari da na Singa, ɗan Adaidaita Sahu da sai ya kai balas kullum, mai shayi, ɗan garuwa, mai wankin hula, tela da ke jiran ɗinkin sallah duk shekara, matar da ke soya ƙosai da awara a ƙofar gida. Waɗannan sai sun fita da safe ake ɗora tukunya da yamma. Ka ce musu su zauna a gida sati bayan sati, ranar 27 ga Afrilu kuma Shugaba Buhari ya ƙara ɗaure dokar da kansa, duk cikin azumi cikin zafin Afrilu, ba ka kai musu ko kwanon gero ba. A layinmu akwai gidan da ruwa da garin kwaki suka yi buɗa-baki da shi kwana da kwanaki, sai da matan layi suka gane suka riƙa zuba musu abinci a ɓoye don kar maigidan ya ji kunya. Ana ce mana a riƙa wanke hannu da ruwa mai gudana alhali ɗan garuwan da zai kawo ruwan an hana shi fita. Ana cewa a ba da tazara a gidan haya mai ɗaki goma da bayi ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ranakun da aka ware, Litinin da Alhamis, ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma wai a fita a sayo abinci. Duk wanda ya je kasuwar 'Yankaba a irin wannan ranar ya san abin da nake nufi, mutanen da da za su bazu cikin kwana bakwai a kasuwanni barkatai an tattaro su an matse cikin awa shida, kafaɗa da kafaɗa, numfashi cikin numfashi, 'yan kasuwa kuma suka ninka farashi don sun san ba ka da wata rana. In don hana yaɗuwar cuta aka yi kulle, to wannan tsarin rusa shi ya yi. Haka aka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka je Kaduna da Jigawa aka gwada aka samu da yawa a cikinsu ɗauke da cutar, wato da hannunmu muka raba ta. Kan hanyoyi kuwa an ce an rufe iyakokin jihohi, amma kowa ya san da na goro a hannu ake wucewa, talaka mai gaskiya ne kawai ya zauna. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin Najeriya, a lokacin da waɗanda cutar ta kashe a hukumance ba su kai haka ba.

Tallafi kuma kar ma a fara. Mun yi ta ji a rediyo an tara biliyoyi, manyan 'yan kasuwa da bankuna sun haɗa CACOVID, wato gamayyarsu ta tallafin Korona, an ce an raba, an raba. A unguwarmu abin da ya zo bai kai a ambata ba, mai unguwa kansa rasa yadda zai yi ya yi. Sai a watan Oktoba lokacin rikicin EndSARS, zanga-zangar adawa da zaluncin 'yan sanda, aka fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da Abuja da Yola, jama'a suka ga buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da suga jibge har rufi. Ban goyi bayan wawaso ba, an yi ɓarna an yi asarar rayuka, kuma hukumomi sun ce wai jiran lokacin rabo suke. Amma ka sa kanka a matsayin wanda ya ga 'ya'yansa sun kwana da yunwa a watan Mayu sannan ya ga wannan hoton a watan Oktoba. Da wane baki za ka sake ce masa ya yarda da gwamnati?

Kuma wannan rashin yardar ba daga sama ta faɗo ba, shi ya sa ba na zagin samarin da suka riƙa bin titi suna rera babu Korona duk da na san kuskure suke. A garin nan ne a 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, gwajin ya shafi yara kusan 200, 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a shekara da shekaru kafin a sasanta a 2009. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003. Amma dubi yadda aka shawo kan wancan, ba da bulala ba ne, sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai aka bi, mata 'yan unguwa suka shiga gida-gida shekara da shekaru, har a watan Agustan 2020 ɗin nan dai aka ayyana cewa an rabu da shan-inna. Wato muna da hanyar da muka san tana aiki a ƙasarmu, muna da mutanen da suka san kowane lungu da kowane gida, sai muka ajiye ta muka ɗauko tsarin Ingila da Italiya inda gwamnati ke biyan mutum kuɗi ya zauna a gida. An rufe masallatan Juma'a da umarni. A Nijar ma da aka hana jam'i sai da matasa suka ƙona tayoyi a Yamai.

Ta fuskar tattalin arziki kuwa ba sai na ja ba, aljihun kowa shaida ne. Farashin ɗanyen mai ya faɗi ƙasa da dala 20, Najeriya ta ciyo dala biliyan 3.4 daga asusun ba da lamuni na duniya IMF, tattalin arziki ya tsuke da kashi 6.1 a rubu'i na biyu na shekarar, aka karya darajar naira, a watan Satumba kuma aka ƙara kuɗin fetur da na wuta a kan mutanen da ba su gama miƙewa ba. Kafin ƙarshen shekara hauhawar farashin abinci ta doshi kashi 20. Na san masu ƙananan sana'a da suka cinye jarinsu cikin kulle ba su sake komawa kasuwa ba, na san waɗanda suka karɓi bashin Korona suna zaton kyauta ce sai ga shi daga baya ana zare musu daga asusu. Ban ce kulle ne kaɗai ya jawo duk wannan ba, faɗuwar mai ba mu muka yi ta ba, boda ma a rufe take tun 2019. Amma shi ya karya ƙashin bayan mai ƙaramin ƙarfi.

To ni matsayata ita ce, da za a ba ni zaɓi, da a hana manyan taruka, biki da gangami da kallon ƙwallo, a raba takunkumi kyauta, a killace tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini a kai musu magani har gida, a bar kasuwanni a buɗe kullum don a rage cunkoso, kuɗin da aka kashe wajen tsare shingaye a sayi kayan kariya da iskar oksijin a tabbatar babu asibitin da ya rufe ƙofa ko na kwana ɗaya. Boss Mustapha da ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da Korona ya faɗa a gaban 'yan majalisa cewa bai san harkar lafiyarmu ta lalace haka ba sai da aka ba shi wannan aikin. Na yaba da ya faɗi gaskiya, amma abin ya yi min ciwo, sakataren gwamnatin tarayya guda. Tun 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa zuwa kusa ba. Mun zaci tunda shekarar an rufe jirage manya sun rasa hanyar Landan da Dubai da Masar, har shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Abba Kyari cutar ta ɗauke, to za a farka. Ana buɗe filin jirgi aka koma gidan jiya, likitocin namu ma suka bi bayansu zuwa Saudiyya da Ingila.

Alƙaluman hukuma sun ce mutum dubu uku da ɗoriya Korona ta kashe a duk Najeriya, kuma da wannan lambar kowane ɓangare yake kafa hujja, wannan ya ce kun gani ba komai ba ce, wancan ya ce kun gani kulle ya yi aiki. Kawu ba ya cikin lambar nan, haka tsofaffin da muka binne a makon. Matarsa, Inna, har yanzu in na je gaishe ta takan tambaye ni, wai shin da sun karɓe shi a asibitin farko da ya tashi? Ni dai ce mata nake kwana ne ya ƙare, ta yi masa addu'a. Katinsa na asibiti yana nan cikin jakarta, da ranar da aka rubuta masa ya dawo ganin likita.