Buhun Ƙasa Da Katan Ɗin Taliya: Magana Ga Mutanen Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin jinga cikin watan Satumba ya san abin da zan faɗa. Ladan ya yi shela a lasifika cewa ruwa ya ɓalle ta gefe kaza, kafin ka ɗaura wando unguwa ta fito. Wannan ya riƙe bakin buhu, wancan yana ɗura ƙasa da shebur, yara suna haska fitilar waya, mai a-kori-kura ya kawo motarsa bai tambayi kuɗin mai ba. 'Yan kasuwa su aiko da buhunan da suka juye, mata su aiko da kunu a bokiti. Ba ka tambayar wanda ke miƙo maka buhu jam'iyyar da yake yi. Mun yi haka a 2020, mun sake yi a 2022, shekarar da ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Nijeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi ji a jika.

Abin da ke biyo baya shi ke damuna. Ruwa ya ja, sai jerin gwanon motoci. A yi jaje, a sauke katan-katan na taliya da tabarmi da barguna, a ɗauki hoto da wata tsohuwa tana share hawaye, mu kuma mu yi tafi mu ce Allah ya saka da alheri. Ban raina taimako ba, wanda ɗakinsa ya rushe ya san darajar tabarma. Amma ku lura da wani abu: zaɓe a ƙasar nan cikin rani yake zuwa. Na 2023 an yi shi a Fabrairu da Maris, lokacin da kogi ya kwanta, jinga ta bushe, kowa ya koma lambunsa. Ɗan takara ya zo ya yi alkawarin hanya da taki da aikin yi ga matasa, ya tafi, babu mutum ɗaya da ya ɗaga hannu ya ce masa, “Ranka ya daɗe, ina maganar ruwa?” Mu da muka kwana cikin laka mun manta, shi da bai jiƙa takalminsa ba zai tuna?

Ruwan nan kuwa ba ya tsami banza. Iyayenmu sun san kogin Haɗejiya da halinsa: ya cika da damina ya malale fadama, ya ja da kaka ya bar danshi a shuka, da rani ya ƙafe har a taka yashinsa a ƙetare. Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha da noman rani, wannan ba abin musu ba ne, mu ma mun ci moriya, don shinkafar da ake nomawa da rani a Auyo da kewaye daga nan ruwanta yake. Sai dai kogin da ya saba hutawa ya daina hutawa. Ruwa kaɗan-kaɗan yana tafiya shekara zagaye, marar zurfi, marar ƙarfi. Irin wannan ruwa shi ne abincin kachala.

Wanda bai san kachala ba zai ɗauka ciyawa ce kamar kowace. Ta fi mutum tsawo, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana haihuwa, ƙwayar irinta kuma iska ke ɗauka kamar auduga. Inda ta tsaya sai ta rage wa ruwa gudu, yashi da laka su kwanta a gindinta, cikin kogi ya yi ta tasowa sama. Damina ta zo da ruwa mai yawa, ya tarar hanyarsa ta cushe, sai ya nemi wata, wadda sau da yawa gonar wani ce ko ɗakin wani. Can ƙasa da mu abin ya zama raba gardama marar adalci: wani reshen kogi ya toshe, garuruwan da ke kansa suna kukan ƙishi, wani reshen kamar na Marma mai tafiya Nguru ya sha ruwa fiye da ƙima, gonaki sun koma tafki. Ku tambayi mutanen Guri da Kiri Kasamma. Masunci ba ya iya kutsa kwalekwale. Jan-baki ya samu masauki, ya kwana cikin kachala da safe ya sauka kan shinkafa, manomi ya cire ɗansa daga makaranta ya sa shi kora. Ga sauro, ga tsargiya a jikin yaran da ke wanka a ruwan.

Shekaru ana fita gayya da lauje da adda, mutane su shiga ruwa har ƙirji su yanke, bayan wata kaɗan ta dawo kamar an zuba mata taki. Gwamnatin jiha ta sayo motocin yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, kuma inda suka bi an ga bambanci, a faɗi gaskiya komai ɗacinta, a faɗe ta ma in tana da daɗi. Tambayata ita ce: wa ke tsara inda za su fara? Nawa aka ware na mai da gyara a kasafin bana? Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke riƙe da makullin Tiga da Challawa, ta tarayya ce. To wane ɗan majalisa muka taɓa zaunar da shi muka ce ya kawo mana jadawalin sakin ruwa, mu san ranar da za a buɗe da ranar da za a rufe? Waɗannan tambayoyin su ne siyasar muhalli. Ba sai an sa koren hula ba.

Na ce koren hula ne don wani ƙanena da ya yi karatu ya taɓa ce mini maganin abin shi ne mu kafa jam'iyyar kare muhalli irin ta Jamus, wadda ake kira Green, wato kore. Na ce masa ta Jamus ɗin ma ba daga majalisar ƙasa ta faro ba. An kafa ta a 1980, ta shiga majalisar tarayya a 1983, amma ƙarfinta daga ƙungiyoyin unguwa da majalisun garuruwa ya taso, kan rigimar titi da shara da ruwan sha, har gari kamar Freiburg ya zaɓi magajin gari daga cikinsu a 2002. Mu ma nan an taɓa yi wa wata rajista da wannan suna, ta shiga zaɓen 2019, tana cikin jam'iyyu 74 da hukumar zaɓe ta soke a 2020, ban kuma ji ko mutum ɗaya a kasuwar kifi ya yi kewarta ba. Matsalarmu ba rashin tuta ba ce.

Yanzu bari in juyo kanmu, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina yaro akwai kududdufi a bayan gidanmu. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar, shi kuma ya zama tulun da ke shanye ruwan saman unguwar. Muna kama kwaɗi a ciki, agwagin maƙwabta suna iyo. A hankali ya zama bola. Da bolar ta cika sai aka wayi gari an kafa duwatsu, wani mai hannu da shuni ya samu takarda, yau shaguna ne a jere. Ba zan kama suna ba, kuma ba a unguwarmu kaɗai aka yi haka ba. Ruwan da kududdufin ke sha ina aka ce ya je? Yana nan, ɗakin mahaifiyata yake shiga. Da aka zo cike wurin muna tsaye muna kallo, wasunmu ma sun yi lebura a aikin.

Sai leda. Ka sha ruwan leda ka jefa a kwata, mai rake ya share ɓawonsa ya tura a kwata, matar gida ta ba almajiri shara da naira hamsin ba ta tambaye shi inda zai kai ba, ita ma ta san kwata zai kai. Ranar tsaftar ƙarshen wata a fito a kwashe lakar a tara a bakin hanya, ba motar da za ta ɗauka, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Wannan ba laifin Tiga ba ne.

Maganar bishiya ita ta fi ba ni dariya mai ciwo. Kowace damina a yi bikin dashe. A kafa rumfa, a kawo babban baƙo, a miƙa masa shebur sabo fil, ya sa tsiro a rami, a zuba ruwa da buta mai kyalli. A sanar da dubban da za a dasa. Ku je wurin cikin watan Afrilu. Akuya ta gama da rabi, rana ta gama da sauran, sai allon da ke ɗauke da sunan babban baƙo ne ya rayu. Ban taɓa jin an kira taro an ce, “Cikin waɗanda muka dasa bara, ga adadin da suka kai bana” ba. Shuka da ba ta da uba ba ta kai rani.

Ku tsallaka iyaka ta Maigatari ko Baɓura ku shiga ƙasar Magarya da Matamaye ku ga gonaki. Gawo ne ko'ina, a tsakiyar gero. Ba dasawa aka yi ba. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture, su zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu su bari, su sassabe sauran. A Maradi suna ce masa sassaben zamani, wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta yaɗa shi a can tun 1983. Masu bincike sun ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar, da bishiyoyi kusan miliyan 200. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, zai sari reshe ya dafa abinci, ya ba dabba 'ya'yan gawo, ba malamin daji da zai zo ya ci shi tara. Mutanen nan 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, ruwan samansu bai kai namu ba. Mu muna da dajin Baturiya da duniya ta sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci tun 2008, tsuntsaye suna tasowa daga Turai su yi hunturu a ciki, amma kullum amalanken itace kake gamuwa da su a hanya.

Ba na zagin mai sayar da itace, kuma ba zan je in yi wa matar da ke hura gawayi wa'azi ba alhali na san kuɗin kilon gas. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. A kogin Senegal, bayan an gina madatsar Diama a 1986, kachala ta mamaye su kamar yadda ta mamaye mu. A yankin Rosso na Mauritaniya sai suka shiga yanke ta, su busar, su ƙona a ganga, su cure ta ta zama gawayin girki suna sayarwa. Bai kawar da ita ba, amma wanda ya shiga ruwa da lauje ya fito da abin kai wa gida, wata bishiya kuma ta sha. Mu ga kachala ta ishe mu, ga gawayi yana tsada, ga matasa a zaune a bakin titi. Kuɗin rumfa da kujerun bikin dashe ɗaya ya isa a gwada wannan a ƙauye guda.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: “Malam, yunwa ake ji kana maganar ciyawa.” Ɗan'uwa, kifin da ya yi tsada a garin da ake yi wa kirari da kifi, me ya jawo? Shinkafar da jan-baki ya cinye, da wadda ruwa ya shanye saura mako biyu a yanka, ba abinci ba ce? Katangar da kake sake ginawa duk bayan shekara biyu, da kuɗin wa? Mun daɗe muna biyan harajin wannan abu, rasit ne kawai ba a ba mu.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara da kula da magudanan ruwa da tituna na cikin gari. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko hukuncin ya sauka ƙasa ko yana rataye a sama, ya ba mu bakin magana. Kansila ba a Abuja yake ba. Tare muke sallar Magariba, mun san gidansu, mun san wanda ya yi masa kaciya. Me zai hana waɗanda suka haɗa gayyar jinga, su ɗin dai, da masu unguwanni da limamai da sarkin ruwa da ƙungiyar masunta da ta manoman shinkafa, su zauna tun kafin a fara liƙa fosta, su rubuta abu uku ko huɗu a takarda ɗaya? A ƙirga kududdufan da suka rage a gari a kafa musu iyaka, a karanta sunayensu a masallacin Juma'a yadda ba wanda zai sayar a ɓoye. A sa ranar da mota za ta bi bayan masu yashe kwata. Duk bishiyar da za a dasa a rubuta sunan gidan da zai shayar da ita, a dawo a ƙirga a watan Mayu. Wanda ya zo neman ƙuri'a a miƙa masa ya sa hannu a gaban jama'a, in ya ƙi, shi ma amsa ce.

Ni dai na fara da abin da hannuna ya kai. Na zagaya da babur ranar Lahadi na rubuta kududdufan da na sani a ɓangarenmu, waɗanda suke nan da waɗanda suka koma shaguna, da sunan da tsofaffi ke kiran kowanne. Na wasu unguwannin ya gagare ni. Wanda ya san na unguwarsu ya rubuto mini a ƙasa, ya faɗi ko har yanzu yana riƙe ruwa, ko an fara zuba masa shara, ko an riga an kafa duwatsu.