Kulocin Alhaji

Wani gareji a bayan kasuwar Dawanau, a Kano. An turo wata tsohuwar Bedford mai bodin katako, ƙarti na bayanta suna haki, Alhaji na biye yana ba da umarni, hannayensa a cikin aljihun babbar riga. Oga Tanimu, bakanike Bazazzagi, yana kan benci yana shan koko.

ALHAJI: Salamu alaikum. Ina mutumin Zariyar nan da ake ta zuzutawa?

OGA: Wa alaikumus salam. Ga shi a gabanka. Kanawa, mara lafiya kuka kawo ko gawa?

ALHAJI: Gawa? Motar da aka harhaɗa a Apapa? Da fam mahaifina ya saye ta, tun kafin a fito da naira a 1973.

OGA: Ai shi ya sa na tambaya. Kamfanin da ya haife ta a Ingila ma ya riga ta rasuwa. Direba, me ke damunta?

DIREBA: Oga, giya ce ta ƙi shiga. In taka kuloci har ƙasa, in nemi lamba ɗaya, sai ka ji ƙurrr! Ribas kuwa ba a magana. Ni dai zargina hannu aka sa mana, don tun ranar da na riga wani direba samun lodin gero...

ALHAJI: Rufe mana baki. Wani bakanike ya ce sai an sauke giyabos an canza farantin kuloci, wai naira 200,000. Na ce masa ko da Dutsen Dala zai haɗa min ban biya.

OGA: Direba, in inji a kashe yake, giya na shiga?

DIREBA: Sumul.

OGA: In ka ɗauko kaya ka fuskanci tudu, inji na ta kuka mota ba ta ja? Ka taɓa jin ƙauri?

DIREBA: Ko kaɗan. In dai ta yarda ta shiga giya, ja take yi ba wasa.

OGA: To faranti bai cinye ba. Farantin da ya cinye sulɓi yake yi. Naku kamawa yake ya ƙi saki. Yana iya yiwuwa daga ciki ne, amma mai hankali daga waje yake farawa, inda ba a biyan kuɗin sauke giyabos.

ALHAJI: (fuskarsa ta washe) Wallahi tun da na shigo na ce wannan Bazazzagin ba irin sauran ba ne. To a ɗan ƙara mata man kuloci mu tafi.

OGA: A zuba a ina, a aljihunka? Wannan ba ta mai ba ce. Sanduna ne tun daga feda har bakin kuloci, wannan ya tura wannan, wannan ya juya wancan. Direba, shigo ƙarƙashi ka ga aikinka da idonka. Sale, riƙe fitila. Alhaji, kai kuma hau ka taka mana.

ALHAJI: Ni? Da wannan shaddar?

OGA: In ba haka ba sai in ɗauko ɗan dako, ka biya shi.

(Ba a sake maimaitawa ba. Alhaji ya naɗe riga ya haye.)

OGA: Taka a hankali. Tsaya! Sale, me ya motsa?

SALE: Ba komai, Oga.

OGA: Feda ta yi tafiyar yatsa uku, sanda ko gezau. Bushin da fedar ke juyawa a kai ya cinye ƙarƙaf. Ƙara takawa. Tsaya! Direba, mene ne wannan?

DIREBA: Fin ne, Oga.

OGA: Fin ɗin gidanku. Ƙusa ce 'yar inci huɗu, an lanƙwashe mata gindi.

DIREBA: Na asalin ya faɗi a hanyar Maigatari. Na yi wa maigida waya, ya ce ƙarfe duk ƙarfe ne.

ALHAJI: (daga sama) Ƙarya na yi?

OGA: Ƙusa ta fi ramin siranta, kullum aka taka sai ta buga gefe. Dubi ramin, da can zagayayye ne, yanzu ya yi tsawo har ɗan yatsana na shiga. Ita ma ƙusar ta cinye a tsakiya, saura ƙiris ta tsinke. Ga kuma sandar nan ta kwance, wadda ke juyawa tsakanin shasi da gefen inji, kama ta ka girgiza.

DIREBA: Kai! Rawa take yi.

OGA: Yaushe rabonta da giris?

DIREBA: Oga, dama ana sa mata?

OGA: Sale, haska nan. Ina sifirin ɗin da ke dawo da feda?

SALE: Babu, Oga. Robar tayar keke ce aka ɗaura.

ALHAJI: Kuma tana aiki! Shekara biyu ba ta nemi ko sisi ba.

OGA: Alhaji, bari in yi maka da yaren da Bakano ke ji. Ka aika kuɗi ƙauye, suka bi ta hannun dillalai biyar, kowa ya yanki la'adarsa. Nawa zai isa?

ALHAJI: Inna lillahi! Ai ko kuɗin goro ba zai kai ba.

OGA: To haka takun direbanka yake. Feda tafiya mai tsawo take yi, amma abin da ke isa bakin kuloci ɗan kaɗan ne tun asali, don an sayar da tsawo an sayi ƙarfi. Bushi ya ci nasa, ƙusa ta ci nata, sandar kwance ta ci nata. Kafin saƙo ya kai, feda ta riga ta daki ƙasa, faranti bai gama rabuwa da inji ba. Ƙarar da kuke ji haƙoran giya ne ke cin juna.

DIREBA: Ashe ba jifa ba ne.

OGA: Jifa ne, amma daga cikin gida.

SALE: Oga, zo ka ga wajen saiti. Noti ya kai ƙarshen zare, an cusa wasu abubuwa a bayansa.

OGA: Ciro mu gani. Wosha biyu... wannan kuma? Kwabo ne mai huji! Na zamanin Turawa!

ALHAJI: Kwabo? Miƙo shi nan. A motata aka same shi.

OGA: Duk bakaniken da aka kai wa sai ya ƙara ɗaure noti ya karɓi na shayi. Da zare ya ƙare, wani ya shiga neman ciko. Ba wanda ya tambayi inda tafiyar ke zurarewa.

ALHAJI: Yanzu dai meye magani, kuma kar ka manta ana azumi nan da wata biyar.

OGA: Za mu kwance sandunan duka. Mai walda ya cike ramukan da suka yi tsawo, a sake huda su daidai da sabon fin. Sale zai je Ƙofar Ruwa ya nemo fin da sifirin, bushi kuma in ba a samu ba a sassaƙa mana na tagulla a inji. Zan duba robobin da inji ke zaune a kai, don in sun fashe, inji ne zai riƙa gocewa in an taka. Sai giris, sai saiti. Feda ta yi wasan kamar inci ɗaya a sama kafin ta fara nauyi.

ALHAJI: Wasa kuma? Yanzu ka gama zagin wasa! Ɗaure ta tamau, kar a bar ko na gashi, don kar mu dawo.

OGA: In na ɗaure tamau, boris ɗin da ke danna kuloci zai riƙa juyi dare da rana har ya ƙone, faranti ya fara sulɓi. Ranar nan kam sai an sauke giyabos, ka nemo 200,000 ɗin.

ALHAJI: Bar mata inci biyu!

OGA: Ɗaya. Kai kuma direba, in ka sa giya ka sauke ƙafarka ƙasa. Feda ba matashi ba ce.

DIREBA: Oga, wa ya gaya maka?

OGA: Takalminka na hagu. Alhaji, duka-duka da kaya da aiki, 25,000.

ALHAJI: To madalla. A cire kuɗin aikina.

OGA: Wane aiki?

ALHAJI: Wa ya taka kulocin? Kai da bakinka ka ce da ɗan dako ne sai an biya shi. Har yanzu ma ƙafata na kai, ba wanda ya ce in saki.

OGA: Sale, je ka yi sallah ka ci abinci kafin ka wuce Ƙofar Ruwa. Alhaji, kar ka saki, lissafinka na tafiya.