Ranar da na durƙusa a bayan firiza ina neman bawul

Gab da azumi firizar da uwargida take sayar da ƙanƙara da ita ta ɓullo da wani sabon hali. Idan aka kunna ta sai ta yi sanyi na ɗan lokaci, daga nan sanyin ya ɗauke alhali kwampreso, injin da ke tura gas, yana ta aiki, in kuma aka kashe ta ta huta sai ta dawo daidai. Ni kuwa na taɓa riƙe sito a ɗakin sanyi na masu kifi, inda na sha tsayawa a kan injiniya yana daidaita bawul ɗin da ke sakin gas zuwa bututan sanyi. Bawul ɗin yana da ɗan gwangwani da ake ɗaurewa a jikin bututun da ke komawa kwampreso, wanda idan ya ji ɗumi sai bawul ya ƙara buɗewa, idan sanyi ya yi yawa kuma ya tsuke. Saboda haka tun kafin mai gyara ya ajiye jakarsa na riga na gama bincike.

Na yi masa bayani a tsakar gida, da murya mai ƙarfi, cewa kada ya ɓata mana lokaci da maganar gas ya ƙare, domin bawul ne ya tsuke, kuma abin da ake bukata kawai shi ne a juya sukurun da ke ƙasansa kwata guda, a jira mintuna kaɗan a ga yadda zai kasance. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe ba tare da ya katse ni ba, sannan ya zaro sukundireba ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Yallaɓai, bismillah, nuna mini inda yake in koya.”

Na naɗe hannun riga, na durƙusa a bayan firiza da tocila a baki. Na ga kwampreso, na ga yanar gizo-gizo, na ga wani cokali da muka daɗe muna zargin almajirinmu da shi. Na shafa kowane bututu daga farko har ƙarshe, na kwanta da gefe, na tura kai har hulata ta maƙale, gumi yana shiga mini ido, amma babu bawul babu dalilinsa. Duk wannan lokaci mai gyara yana tsaye ya harɗe hannuwa, yaronsa kuma yana kallon sama yana cizon leɓe.

A nan ne ƙanin uwargida ya shigo. Wannan yaro ni na biya masa kuɗin jarrabawa, kuma har yau bai dawo mini da cajata da ya ara tun sallar bara ba, amma shi ne ya tsaya a kaina yana cewa, “Injiniya, ko a kawo maka tabarma ne?” Ya kira yayarsa daga kicin don kada ta rasa rabonta, ita kuma ta zo da ludayi a hannu.

Da mai gyara ya ga na gaji, sai ya nuna mini wata siririyar wayar tagulla da ke naɗe kusa da diraya (matatar da ke tsotse danshi daga gas), wadda na ture sau da yawa ina neman hanya. Ya ce ita ce kafilari, ita ce ke aikin bawul a firizar gida, ramin cikinta bai kai milimita ɗaya ba kuma ba ta da abin juyawa. Wanda ya yi gyaran baya ya ɗura gas bai zuƙe iska ba, sai danshi ya riƙa daskarewa a bakinta yana toshe hanya. Ya ɗora tsumma mai ruwan zafi a wajen, nan take muka ji gas yana wucewa. Ya canza diraya, ya zuƙe iska da injinsa, ya auna gas ɗin R600a a sikeli kamar yadda takardar jikin firizar ta nuna, ya kuma gargaɗe mu cewa wannan gas yana kama wuta.

Ya karɓi kuɗinsa cif, bai rage ko sisi ba duk da taimakon da na ba shi. Muna shirin gwadawa aka ɗauke wuta, ƙanin uwargida kuma ya zauna cin abincin rana.