Sharhi kan labarin horar da likitocin gaggawa a Afirka

Labarin ya yaba wa ƙungiyar AFEM ta masu aikin jinyar gaggawa a Afirka, da aka kafa a 2009, kan horar da likitocin gaggawa, kuma ta cancanci yabon. Sai dai ya tsallake batun tantance majinyata tun daga bakin ƙofa, don gane wanda ya fi buƙatar a duba shi da gaggawa. A tsarin tantance majinyata na Afirka ta Kudu mai suna SATS, nas ce ke auna numfashi, bugun zuciya da hawan jini ta ba da launi: ja a duba nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya awa 1, kore awa 4. Abin takaici, sai a tsayar da mai zubar jini wajen yankar kati, alhali allurar tranexamic acid mai rage zubar jini cikin awa 3 da jin rauni take amfani. Masu cewa a ƙaro motocin asibiti, wa zai tantance majinyacin idan ya iso?