'Yar kwalbar da ta hana ni barci

Kwalbar abin sha mai ƙara kuzari ce, ko tsawon yatsana ba ta kai ba, mililita 60 kacal. Abokin aikina ne ya miƙo min da la'asar, ya ce, "Malam, sha wannan, gyangyaɗin nan zai gudu." Na ɗaga kai na shanye a kurɓa ɗaya. Ɗanɗanon kamar an dama maganin tari da sakarin, har yanzu harshena bai yafe min ba.

Sai daga baya na duba jikin kwalbar: sinadarin kafeyin miligiram 200, kusan kofi biyu na gahawa ke nan, rabin abin da likitoci ke cewa kada babban mutum ya wuce a yini. Rubutun kuwa mitsi-mitsi, wa zai gani?

Kafin magariba zuciyata na dukan uku-uku, hannuna na rawa, saƙo ɗaya na kasa rubutawa daidai a waya. Ƙarfe biyun dare idona biyu, ina sauraron haushin karnukan unguwa. Kakana goro ɗaya yake ɓantara ya yini a gona lafiya lau.

Da safe mutumin nan ya ga idona jawur, ya sake miƙo min wata, wai yanzu ne ma nake bukatarta.