Ƙwarya nawa ce a randa?

Gidan burkutu ne a bayan bariki. Magajiya na gaban randunanta da ludayi a hannu. Ɗanta ya yi wata shida yana aiki a mashayar wani otal a Abuja, ya dawo da littafi da biro da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da bai fi murfin kwalba ba. Bamaguje kuwa tun hantsi yake kan benci, bai sayi ko ta sisi ba, amma idonsa ya yi ja.

Ɗan boko: Inna, kwana nawa randar nan ke ci kafin ta nuna?

Magajiya: Daga jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, kusan mako nake shan hayaƙi.

Ɗan boko: Ƙwarya nawa ce a ciki?

Magajiya: Wa ya ƙirga, ɗan nan? In ludayi ya kankari gindi, ta ƙare.

Ɗan boko: To nan ribar ke zurarewa. Mu a otal, kwalba mai mililita 750, wannan ma'auni na 25, kofi 30 ne cif. In mai zubawa ya saki hannu yana zuba 30, kofi 25 za a samu. Biyar sun tafi.

Magajiya: Ina suka tafi?

Bamaguje: Kwantar da hankalinki, uwar ɗakina. Ba su fita daga gidan ba.

Ɗan boko: Daga yau babu ɗanɗano, babu gyara, babu cika ƙwarya har kumfa na bin yatsu.

Bamaguje: Babu ɗanɗano? Yaro, a makaho zan saya? Mai fura na gyara, mai ƙosai na gyara, sai gidan da na riga ka shigowa?

Magajiya: Kai kam, Baba, randa uku ka ɗanɗana yau. Ta farko ka ce ta yi tsami, ta biyu ba ta nuna ba.

Bamaguje: Ta uku ina nazari a kanta.

Ɗan boko: Bari mu auna randa ɗaya, mu san abin da ke ciki. Inna, ba ni wata randar in juye.

Magajiya: Duk a cike suke.

Bamaguje ya shafa tumbinsa, ya leƙa waje ya yi fito. Kafin ƙiftawar ido mutum shida sun jeru a benci, kowa da ƙwaryarsa a hammata.

Bamaguje: Ga randuna nan, malam. Taimakon ilimi za mu yi, ba ma son lada.

Ɗan boko: Ɗaya... biyu... tara... goma sha bakwai...

Bamaguje: Wai nawa ne mota daga Abuja yanzu?

Ɗan boko: Ai ta kai dubu... Kash! Ina na tsaya?

Bamaguje: Ni dai huɗu na ji.

Ɗan boko: Inna, ke fa?

Magajiya: Ni hawan jinina nake ƙirgawa.

Ludayi ya kankari gindi. Ɗan boko ya duba littafi, ba komai a shafin sai kwanan wata.

Magajiya: To, injiniya, wa zai biya?

Bamaguje: Ai lissafi bai fita ba tukuna. Jawo ta biyun, wannan karon ni zan riƙe biron.